Me ya sa mai maki 85 yake samun E?

 Wasiƙar farko a filin amsa tambayoyinku kan kwamfuta daga wata ɗaliba ce a Zariya da ta fara koyon Python. Ta rubuta 'yar manhajar da ke karɓar makin ɗalibi ta faɗi matakinsa, amma ko 85 ta saka, E take gani, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya.

To ƙanwata, na duba layukan da kika turo. Kin fara da cewa in maki ya fi 40 a ba da E, sannan 45 D, 50 C, 60 B, 70 A. Ita Python daga sama take bin sharuɗɗan if da elif, kuma da zarar ta tarar da na farko da ya cika, shi za ta aiwatar ta tsallake sauran. Ai 85 ya fi 40, shi ke nan ta tsaya. Ki juya jerin, ki fara da 70 ki gangaro.

Akwai kuma wani abin da ya fi damuna. Kin rubuta "ya fi 70" a inda ya kamata ki ce "ya kai ko ya fi", wato ki haɗa alamar fifiko da ta daidai. In aka bar shi haka, yaron da ya ci 70 cif B zai samu, mai 40 kuma ya faɗi, alhali haƙƙinsu ne. Don haka kada ki gwada da 85 kaɗai. Saka 39, 40, 69 da 70, bayan kin rubuta amsar da kike sa rai a takarda.

Sai wani bawan Allah daga Kano, ya ce ya nemi matsakaicin 60, 70 da 80, sai ya ga 156 da ɗoriya maimakon 70. Malam, ka tuna darasin lissafi na firamare: rabawa tana gaban tarawa. Kwamfutar 80 kaɗai ta raba gida uku, ta ɗora a kan 130. Ka sa lambobin uku cikin baka, sannan ka raba.

Ya ƙara da cewa da ya tara 50 da 30, sai suka ba shi 5030. Wannan kuwa saboda duk abin da input ta karɓa rubutu ne a wajenta, sai ta manna su kawai. Ka mayar da su lamba da int tukuna. Tunda ka ce manhajar ta shago ce, ka riƙa lissafin kuɗi da kwabo, domin a Python 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004. In kuma wani lissafin ya sake rikicewa, sa print bayan kowane mataki ka ga inda lambar ta fara kaucewa, ka turo mana wannan layin.