Yadda Ake Shanya Barkono a Gida Don Ajiya

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ke cefane a kasuwar Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan ya san yadda barkono ke arha da rani, lokacin da motoci ke sauke amfanin fadamun Arewa, sannan ya yi tsada da damina. Maganin wannan shi ne shanya. A wannan darasi za mu duba yadda ake yin ta, tare da kalmomin da suka shafe ta.

Ire-iren barkono

Asalin barkono daga nahiyar Amurka yake, kuma Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi zuwa Afirka bayan shekarar 1492. Bahaushe ya bambanta iri uku: ƙaramin barkono mai tsananin yaji, da attarugu mai ƙamshi, da tattasai mai kauri wanda yajinsa kaɗan ne. Ɗalibin da ke jin Yarabanci zai lura cewa tattasai da attarugu sun yi kama da "tatase" da "ata rodo".

Matakan shanya

1. A zaɓi wanda ya nuna ya yi ja. A fitar da ruɓaɓɓe, domin yana ɓata sauran.
2. A wanke, a tsane ruwan sarai.
3. Ƙaramin barkono ana shanya shi yadda yake. Attarugu da tattasai kuwa sai an tsaga su, saboda kaurinsu kan sa su ruɓe kafin su bushe.
4. A baza a kan tabarma ko faifai, a ɗora bisa tebur. Shanyar bakin titi tana kwasar ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi.
5. A riƙa juyawa kullum, a kwashe da yamma kafin raɓa ta sauka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Kudu, inda iska ke da laima, shanya takan ɗauki kwanaki fiye da na Arewa.

Ajiya

Fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen barkono ruwa ne, kuma sai ya ragu zuwa kusan kashi 10 kafin ya ajiyu. Alamarsa ita ce, in an karya shi ya karye ƙaras, in an girgiza a ji 'ya'yan suna ƙara. Sai a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye inda babu rana ko danshi. Wanda ya yi fumfuna a zubar da shi, domin wata fumfunar tana fitar da gubar afulatoksin mai illa ga hanta, kuma girki ba ya kashe ta.

Nazarin kalmomi

A tsarin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, "bushe" na rukuni na 4 ne, "busar" kuma na 5: barkono ya bushe, Ladi ta busar da barkono. Sifar kuwa tana bin jinsi da adadi: busasshe, busasshiya, busassu. Kishiyarta ita ce ɗanye, ɗanya, ɗanyu.

Aiki: a gina jimla uku da "shanya", "bushe" da "busar da", sannan a bayyana abin da Bahaushe ke nufi da "barkonon tsohuwa".