Rajistar Fasinjojin Jirgin Ruwa da Neman Asalin Dangi

Tun daga shekarar 1820 dokar Amurka ta wajabta wa kowane kyaftin na jirgin ruwa ya miƙa wa jami'an kwastan jerin fasinjojin da ya ɗauko daga ƙetare. Da farko suna, shekaru, jinsi, sana'a da ƙasar mutum kaɗai ake rubutawa. A 1893 aka ƙara garin da ya baro, kuɗin da ke hannunsa, da ɗan'uwan da zai sauka wurinsa.

Tsakanin 1892 da 1954, masu ƙaura fiye da miliyan 12 suka shiga Amurka ta tsibirin Ellis da ke New York. A yau jikokinsu na bincika waɗannan takardu ta intanet domin gano tushensu.

Sai dai akwai abin lura ga ɗalibi. Ba a tsibirin aka cike rajistar ba. Akawun kamfanin jirgi ne ya cike ta tun a tashar da aka taso, kamar Liverpool ko Hamburg. Sau da yawa harshensa daban da na fasinja, don haka yadda kunnensa ya ji sunan haka ya rubuta. Harafi ɗaya kan sa mai bincike ya rasa kakansa, ko ya rungumi na wani.

Saboda haka kada a dogara da suna kaɗai. A gwada rubuta shi ta hanyoyi dabam-dabam, sannan a gwama shekaru, gari da sunan mai masauki kafin a yanke hukunci.