Mai Ciwon Suga da Allurar Rigakafin Mura: A Yi Ko A Bari?

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe kogin Binuwai har mai tsallaka gada ba ya hango ɗaya gaɓar, mu da ke duba masu ciwon suga a Yola mun san abin da ke tafe. Layi zai cika da tari da atishawa, alƙaluman da ke cikin littafin gwajin sugan marasa lafiya kuma su fara hawa. A irin wannan lokaci ne wasu, musamman masu 'ya'ya a ƙasashen waje ko masu shirin Umara, kan tambaye ni: "Likita, wai akwai allurar rigakafin mura? Mu ma ya kamata a yi mana?" Amsata ita ce eh, ya kamata, amma da sharuɗɗan da suka shafi halin da muke ciki a nan.

Mura iri-iri ce. Akwai ta yau da kullum, majina da toshewar hanci, kwana kaɗan ta wuce. Allurar ba ta hana wannan. Wadda ake yi wa rigakafi ita ce infuluwenza, mai faɗa wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari da kasalar da ke kwantar da ƙato. Da yake alamunta sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, da yawa daga cikinmu sun yi ta sun warke, ko sun rasa wani a dalilinta, ba tare da an taɓa kiran sunanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar cututtukan numfashi. A ƙasar nan ma ba baƙuwa ba ce. Annobar infuluwenza ta 1918 ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta hallaka kusan mutum rabin miliyan a Najeriya. Tun 2008 ake bibiyar ta a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ana samunta a samfurin majinar marasa lafiya.

Me ya sa na fi jin tsoronta a kan mai suga? Idan cuta ta shiga jiki, jiki kan saki sinadaran yaƙi da ita, su kuma suna tura suga cikin jini, suna hana insulin aiki yadda ya kamata. Sai ka ga mutum bai ci komai ba tun safe, amma na'urar gwajin suga ta nuna 350. Sugan da ya hau yana jawo yawan fitsari, zazzaɓi na ƙona ruwan jiki, ga busasshiyar iskar hunturu, ga rashin sha'awar shan ruwa saboda sanyi. Cikin kwana biyu ko uku dattijo ya bushe, ya fara sambatu, a kawo shi ranga-ranga. Suga mai yawa kuma yana raunana garkuwar jiki, shi ya sa murar kan gangara huhu ta zama limoniya. Zuciya ma ba ta tsira ba. Wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya ya ninka kusan sau shida a makon farko bayan an tabbatar mutum ya kamu da infuluwenza. Galibin waɗanda nake dubawa kuwa, sugan tafe yake da hawan jini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake tunkarar ciwon a gida. An je kyamis an haɗo magani: na zazzaɓin cizon sauro ba tare da gwaji ba, da kafso, da ruwan maganin tari mai zaƙi, sau da yawa har da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda ke harba suga sama. A gida a dafa citta da kanumfari a zuba zuma cokali-cokali, wai zuma ai magani ce. Zuma abu ce mai albarka, amma a jinin mai ciwon suga tana ɗaga shi. Sannan a zo ga babban kuskure, mara lafiya ya ce tunda ba ya cin abinci bari ya ajiye allurar insulin. Wata dattijuwa da 'ya'yanta suka kawo a galabaice, da ta farfaɗo na ce mata, "Inna, me ya sa kika daina allurarki?" Ta ce, "Ɗana, cikin da babu komai, me allura za ta tarar?" Tunaninta da ma'ana, sai dai ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata cewa ranar ciwo jiki ya fi buƙatar insulin.

To, ita allurar fa? Wadda ake yi a dantse ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, saboda haka ba za ta sa maka infuluwenza ba. Wurin kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wani ya ji ɗan zafin jiki, sugan wani ya ɗan motsa ya koma daidai. Tana ɗaukar kamar mako biyu kafin ta fara kariya. Ana sabunta ta duk shekara domin ƙwayar cutar tana sauya kama, ta bara ba ta wadatar da bana. Ba kuma katanga ba ce da babu mai tsallakawa: a shekarar da ta dace da nau'in da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa da kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Amfaninta da ya fi mini muhimmanci shi ne rage tsananin ciwon. A Ingila an bibiyi masu ciwon suga nau'i na biyu sama da 124,000 na tsawon shekara bakwai, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna waɗanda aka yi wa allurar sun fi ƙarancin kwanciya asibiti saboda shanyewar ɓarin jiki, gazawar zuciya da limoniya, mace-mace a cikinsu kuma ya yi ƙasa da kashi 24 cikin ɗari a lokacin mura. Irin wannan bincike na bibiya ba ya tabbatar da cewa allurar kaɗai ce sanadi, amma ya dace da abin da aka gani a wasu ƙasashe.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da duk wata allura, kuma ba na raina su. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo a zukatan mutanen Arewa. Wannan allura dai ba gwaji ba ce, tun shekarun 1940 ake amfani da ita, kuma ma'aikatar lafiya ta Saudiyya tana shawartar mahajjata da su yi ta, musamman masu ciwon da ya daɗe a jiki. Duk wanda ya taɓa taryar alhazai a filin jirgin Yola ya ji tarin da ake dawowa da shi.

Matsalarmu ta gaske ita ce samu da kuɗi. Allurar ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi kyauta, don haka mai so sai ya nema ya biya, kuma ba ko'ina ake ajiye ta ba. A nan nake auna kowa da halinsa. Wanda kuɗin hannunsa bai wuce na metformin ko insulin na wata ba, maganinsa na kullum ne a gaba, kada ya taɓa shi saboda allura. Wanda ke da hali, ko yake da ɗan da zai ɗauki nauyi, ina ƙarfafa masa ya yi, musamman in ya haura shekara 65, ko yana da ciwon zuciya, ƙoda ko asma, ko mace ce mai juna biyu, ko zai tafi Hajji ko Umara. Mai shirin tafiya ya yi ta aƙalla mako biyu kafin tashi. Ya fara tambayar likitan da ke duba shi, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama yake zuwa, ko Asibitin Ƙwararru na Jimeta, ko wani wuri, domin a nuna masa inda zai samu ingantacciya.

Ingancin nan ba ƙaramar magana ba ce a garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Dole a ajiye allurar a sanyin digiri 2 zuwa 8, kada ta yi zafi, kada ta daskare. Ka duba lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, da shekarar da aka yi ta dominta, ka kuma ga daga firji aka ciro ta. Mai zazzaɓi ya bari sai ya warke. Wanda irin wannan allura ta taɓa sa wa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi ya faɗa wa likita tukuna. Akwai nau'in da ake fesawa a hanci, wannan bai dace da mai ciwon suga ba.

Ko an yi allurar ko ba a yi ba, ranar da zazzaɓi da tari suka kama ka, kada ka ajiye insulin. Ka riƙa gwada suga duk bayan awa uku ko huɗu, ka sha ruwa a kai a kai, ka ɗan kurɓi kunu ko romo ko da ba ka jin yunwa. Mai shan glibenclamide da ya kasa cin abinci sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70, mai shan metformin da ke amai ko gudawa yana iya buƙatar dakatar da shi na ɗan lokaci, dukansu su nemi likita a ranar. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a sha maganinsa. Akwai maganin infuluwenza mai suna oseltamivir, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko. In suga ya tsaya sama da 250 ya ƙi sauka, ko amai ya hana shan ruwa, ko numfashi ya yi sauri, ko ƙirji na ciwo, ko mara lafiya ya fara ruɗewa da yawan barci, a kai shi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, a tafi da duk magungunan da yake sha a leda.