Wayar da ta zo liƙe da kayan wuta

Tambayar da magidanta suka fi yi mini a wajen aiki ita ce: "Malam, tunda holdar nan ta zo da wayarta, ba sai in haɗa da kaina ba?" Na ji ta a Anka, na ji ta a Gummi, haka ma a Bukkuyum. Dalilin mai tambaya a fili yake. Mai gyaran wuta ba kullum yake kusa ba, musamman a ƙauye, kuɗi kuma sun yi wuya. Ga shi 'yan kasuwa suna sauke kaya daga Sabon Garin Kano da Gusau da Sakkwato waɗanda aka riga aka saƙala musu waya: holdar ƙwai, fitilar bango, fankar sama, soket mai baki huɗu da doguwar igiya, ƙwan sola mai 'yan maƙalai biyu.

Amsata ita ce wani aikin za ka iya, amma sai ka fara tuhumar wayar kanta. Masana'antar da ke neman sayar da kaya da araha, wurin da ta fi rage kuɗi shi ne inda ido ba ya gani, wato cikin roba. Za ka ga igiya jibgegiya, ka fere ta ka tarar da 'yan silalla da ba su fi gashin kai kauri ba. Wani lokacin ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyon ne aka shafa wa ja. Gwajinsa ba wuya: kankare silin da reza, in fari ya bayyana to ka gane. Ko ka kara masa ashana. Jan ƙarfe na gaske zai yi ja ya tsaya, na jabu zai lanƙwashe ya zube. In kuwa maganaɗisu ya kama shi, baƙin ƙarfe ne, mayar wa mai shago.

Kauri shi ne komai. Wutar da Kaduna Electric ke kawowa Zamfara bolt 230 ce. Igiya mai lambar kauri 0.5 ba ta ɗaukar fiye da amfiya 3, kimanin wat 700 ke nan, mai 0.75 kuma amfiya 6. Wannan ya ishi ƙwai da fanka da cajin waya. Amma dutsen guga ko hitar dafa ruwa kowannensu yana jan wat 1,000 zuwa sama. Idan uwargida ta soka hita a soket ɗin da aka yi don caji, fiyus ba lallai ya yanke ba, domin yawancin irin waɗannan ba su da shi ko kaɗan. Igiyar ce za ta riƙa ɗumi a hankali ƙarƙashin tabarma ko bayan katifa, har roba ta narke. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, roba ta riga ta yi laushi tun kafin a kunna komai. Don haka wayar cikin bango ta fitilu 1.5 ce, ta soket 2.5, kuma duk abin da ke dafa ruwa ko guga a soka shi kai tsaye a soket na bango.

Masu sola su lura da nan, domin kuskuren ya fi yawa a wajensu. Ana ɗauka wutar batir ba ta da haɗari tunda ba ta jan mutum. Gaskiya ne ba ta ja, amma tana ƙonawa. Kayan wat 60 a kan batir mai bolt 12 suna jan amfiya 5, alhali a wutar Nepa kusan rubu'in amfiya ɗaya kawai za su ja. Siririyar igiyar da ta zo da ƙwan sola an auna ta ne don ƙwai ɗaya. In ka ɗora mata fanka da talabijin ka wuce ƙarfinta. A sa fiyus kusa da kan batir, ba ya da tsada.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mahaɗa. Wayar da ta zo da kaya kusan kullum gajeriya ce, sai mutum ya ƙaro wata, ya murɗe su da hannu, ya naɗe da baƙar leda. Na sha kwance irin wannan a cikin sili in tarar ledar ta zama gawayi, kuma a ƙasan wurin yara ne ke kwana. Murɗaɗɗiyar waya tana saki da kanta saboda zafin rana da sanyin dare, in ta saki sai tartsatsi, ga azara da zana a bushe ƙayau da hunturu. Da damina kuma laima ce ke shiga. Gidajen da ruwa ya ci a ambaliyar Gummi ta Agustan 2024 ya kamata a sake duba duk mahaɗarsu ko da wuta na kamawa lafiya. Daidai shi ne a haɗa da 'yar kwanekta mai noti, a ɗaure tam, a rufe cikin akwatin mahaɗa inda hannu zai iya kaiwa. Kada nauyin fitila ko fanka ya rataya a kan waya.

Sai launi. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce ta komawa, kore ta ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta komawa, kore da ɗorawa ta ƙasa. Gida ɗaya yakan haɗa duka biyun, kuma wani kayan yakan zo da farare biyu. Kada ka dogara da launi, sa testa. Makunni dole ya zauna a kan mai wuta. In aka juya, za ka kashe ƙwai amma holda na nan da wuta, mai canza ƙwai ya sha ja. Kayan da jikinsa ƙarfe ne kuwa, in ya zo da waya biyu kacal, a tambayi masani kafin a kafa shi.

Kafin ka taɓa komai, kashe babban makunni na gida. "Ai an ɗauke wuta" ba hujja ba ce, ana iya dawo da ita hannunka na kai. Janareto ma a shigo da wutarsa ta canjin-oba, kada a soka shi a soket ya mayar da wuta kan layi.

Canza ƙwai, filogi ko holda, wannan naka ne. Jan sabon layi, taɓa mita ko akwatin fiyus, aikin mai takardar shaidar hukumar NEMSA ne. Wajen saye a nemi waya mai tambarin hukumar SON da lambar kauri a jikinta. In ka ji ƙaurin roba ko ka taɓa filogi ka ji zafi, kashe wutar nan take. In har ta kama, a yanke daga babban makunni a zuba yashi, kada a watsa ruwa.