Lokacin da Garu Ya Kai Rabi

Karatu: Nehemiya 4:6-14, 6:1-16

Fara aiki ba shi da wuya. Manomin Mai'adua ya san haka. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa yana gona da murna, har yara. Amma ku dubi watan Agusta, lokacin maimai: rumbu ya yi ƙasa, ciyawa ta taso, gero bai nuna ba, jiki ya gaji. Me yake tashe shi da asuba ya ɗauki fartanya? Ba daɗin aikin ba ne. Ya san bakunan da za su ci daga gonar nan.

Haka ya faru a Urushalima. Nehemiya mai shayarwa ne a fadar sarki Artashate, yana zaune lafiya a Shushan. Da ya ji garun birnin kakanninsa a rushe yake, ya yi kuka, ya yi azumi, ya roƙi izinin sarki ya tafi. Jama'a suka kama aiki da zuciya ɗaya. Sai da garun ya kai rabin tsayinsa gajiya ta zo. Masu ɗaukar kaya suka ce ƙarfinsu ya ƙare, tarkace kuma ya yi yawa. Sanballat da Tobiya suna ba'a, suna shirin kawo hari.

Ku lura da abin da Nehemiya ya yi. Bai ce musu aikin mai sauƙi ne ba. Ya tsayar da su iyali iyali, ya tuna musu da girman Ubangiji, ya kuma tuna musu da 'ya'yansu, matansu da gidajensu. Tarkacen bai ragu ba, amma mutane suka koma bakin aiki, domin sun sāke ganin dalilin aikin.

Da tsoro bai yi ba, magabta suka canza dabara. Sau 4 suka aika ya sauko su gana a filin Ono. Kowane lokaci amsarsa ɗaya ce: aikin da ke hannunsa ya fi ƙarfin a bar shi. Wanda ya san abin da Allah ya kira shi ya yi, ya san gayyatar da zai ƙi. Cikin kwana 52 aka gama garun.

'Yan'uwa, mu ma muna da namu rabin garu. Da aka rufe iyakar ƙasa a watan Agusta na 2019, aka sāke rufe ta bayan juyin mulkin Nijar a 2023, masu ciniki ta Kongolam sun ji a jikinsu. Wani jarinsa ya karye. Wata tana sayar da ƙosai don kuɗin makarantar yara, riba kuwa ba ta kai ba. Wani ɗalibi ya rubuta jarrabawa sau biyu bai samu ba. Ga kasuwarmu tana ci ranar Lahadi, ranar sujada, kowane mako sai zuciya ta zaɓi abin da za ta sa a gaba.

In burinka kuɗi ne kawai, ranar da ciniki ya tsaya kai ma za ka tsaya. In yabon mutane kake nema, ba'ar Sanballat ɗaya ta isa ta sauko da kai. Amma in ka gane cewa shagon nan, gonar nan, karatun nan amana ce daga Allah domin iyalinka da shaidar sunan Yesu, za ka gaji, amma ba za ka bari ba. Ruhu Mai Tsarki yakan sabunta ƙarfin wanda ya riƙe kiransa.

Tambayoyi

1. Wane aiki ka fara da addu'a, yanzu ka ajiye shi a rabi?
2. Domin wa ka fara shi? Rubuta sunayensu, ka sa a cikin Littafinka Mai Tsarki.
3. Wace gayyata ce take neman sauko da kai a makon nan?

Addu'a

Ya Uba, ka tuna mini dalilin da ya sa ka ba ni wannan aiki. Ka ƙarfafa hannuwana ta wurin Ruhunka, in gama abin da ka sa na fara. A cikin sunan Yesu, Amin.