Gara a Gida da Rumfa: Ku Duba Rufinku Kafin Marka



Wataƙila ku ce, me ya haɗa ma'aikacin lafiya da gara? Marka ce ta haɗa mu. A watan Agusta, idan ruwa ya kwana yana zuba, ƙasar rufin soro takan jiƙe ta yi nauyi. Itacen da gara ta riga ta rarake ba ya iya ɗaukarta, idan kuwa ya karye cikin dare, a kan masu barci yake faɗowa. Gara ba ta san iyaka ba, yadda take a Jibiya da Illela haka take a Maraɗi da Ƙonni.

Ku fara sanin halinta. Jikin gara taushi gare shi, iska da rana kan busar da ita nan da nan. Shi ya sa ba ta tafiya a fili. Takan gina 'yar siririyar hanya ta ƙasa a jikin bango ko ginshiƙi, ta bi ta ciki daga ƙasa har rufi. Waɗanda kuke gani idan kun fasa hanyar ma'aikata ne, makafi, masu kai abinci gida. Gidan yana ƙarƙashin ƙasa ko cikin suri, wani lokaci nesa da ɗakin. A can sarauniya take, tana saka dubban ƙwai a rana. Wanda ya share hanyar ya kwanta, ya kashe kaɗan ne daga masu aike, bayan kwana biyu zai tarar an sake ginawa.

Ta ciki take cin itace, ta bar ɓawon waje lafiya lau. Don haka ido kaɗai bai isa ba. Kafin damina ta kankama, ku ɗauki sanda ku ƙwanƙwasa itatuwan rufi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi amo kamar ganga, ko tsinin wuƙa ya shige shi ba wuya, a kira magini ya sauya shi, kada kowa ya kwana a ɗakin kafin nan. Azarar giginya ta fi katako jure wa gara, gaskiya ne, amma ku duba bakinta da ke binne cikin bango, da zanar da aka shimfiɗa a kanta. Haka nan bayan ruwan farko, lokacin da shinge ke fitowa yana kewaya fitila, in kun ga fukafukai zube a cikin ɗaki, ku bincika. Masu zubar da fukafukan nan wurin kafa sabon gida suke nema.

Damshi ne ke riƙe ta. A gyara indararo ya zubar nesa da gindin bango, a toshe yoyon rufi, a matsar da randa da itacen girki daga jikin gini, a tone tsohon kututture.

Ku 'yan kasuwa, kada buhu ko kwali ko dilar atamfa su zauna a kan daɓe. A ɗora su bisa benci ko bulo, a bar taki guda tsakaninsu da bango, yadda tsintsiya za ta wuce, ido kuma ya gani. Mai ɓoye kuɗi da takardun fili a ƙarƙashin tabarma, ya sani gara ba ta bambanta naira da sefa. Ya nemi akwatin ƙarfe.

Saura maganar da ta fi damuna. Da yawa idan suka ga gara sai su sayo fiya-fiya a kwalba marar suna, su yayyafa a ɗakin kwana, su rufe taga. Wannan guba ce mai shiga jiki ta numfashi da ta fata, ta fi saurin kayar da yara, kuma ba ta kai wa ga sarauniya. Kada ta kusanci hatsi ko abincin sayarwa, kada a zuba ta a kwalbar lemo. In feshi ya zama dole, a nemi malamin gona ko ƙwararren mai feshi, a fitar da mutane da abinci, a buɗe ɗakin ya sha iska sosai kafin a koma.

Idan bayan feshi mutum ya fara dalalar da miyau, gumi, amai, ko numfashi ya yi masa wuya, ku fitar da shi waje, ku tuɓe masa tufafin, ku wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Ku garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko ta wane ɓangaren iyaka yake, ku tafi da kwalbar domin likita ya ga abin da aka fesa.