Ciwon Gwiwa: Maɗori ko Likita?

Mu mutanen Fagada, in an samu karaya Aliero muke nufa, domin maɗoran garin sun shahara. Amma ba kowane ciwon gwiwa ne karaya ba. Cikin kowace gwiwa akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda kan yage in ɗan ƙwallo ya murɗe ƙafa. Ɗauri da karare ba ya haɗa su.

A 1962 wani likitan Japan, Watanabe, ya zura siririn madubi mai fitila cikin gwiwa, ya yanke yagaggen wurin. Yanzu kuwa in yagewar tana gefe, inda jini ke kaiwa, likitoci sun fi son ɗinkewa, don cire guringuntsi kan jawo amosanin gaɓɓai.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in gwiwar yaro ta kumbura tana maƙalewa, a kai shi asibitin ƙashi, kamar na Dala a Kano.